Idan Ɗangote Ya Faɗi, Idan Mushe Ya Faɗi

A garinmu Gaya, sunan Ɗangote ya daɗe da tashi daga sunan mutum ɗaya ya koma ma'auni. Yaro ya matsa wa ubansa a saya masa waya mai tsada, uban ya ce, "Ni Ɗangote ne?" Mai shago ya ƙara ɗaki ɗaya a gidansa, abokan hira su fara kiransa ƙaramin Ɗangote. Da Hausa ake faɗin haka, da Dendanci, da Zabarmanci, kuma mafi yawan masu faɗin ba su taɓa taka Legas ko Kano ba. Mutumin ba shi da masana'anta ko ɗaya a jihar Dosso, amma da wuya ka shiga gida goma a garin nan ba ka tarar da buhu mai sunansa ba, ko da kayan a ciki, ko an juye an mai da shi na zuba gawayi.

Ni malamin firamare ne, abin da yaranmu ke kira mushe. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina riƙe da alli, tun da na fito daga makarantar horon malamai ta Dosso. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da ta yi yawa a bakin ɗalibaina da iyayensu: wai Ɗangote ma ya sha faɗuwa ya tashi, saboda haka duk wanda ya faɗi ya kasa tashi, ragwancinsa ne. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa yana cutar da yaranmu, kuma shi nake so mu duba tare, ni da 'yan'uwana malamai da ku iyaye.

Ga wanda bai san Gaya ba, gari ne a bakin kogin Isa, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira Kwara. Ka haye gada kana Malanbil ta Jamhuriyar Benin. Ka nufi gabas, tafiya kaɗan, kana Kamba ta jihar Kebbi. Kayan da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Yamai, ta nan suka saba bi. Kuɗi biyu muke ƙirgawa, sefa da naira, kuma yaron da bai iya karatun faransanci ba sau da yawa ya fi malaminsa saurin lissafin canji. Wannan hanya tsohuwa ce. Tun kafin zuwan Turawa, fataken goro da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja a wannan yanki na Gaya da Illo suke haye kogi. A cikin irin wannan fatauci Alhassan Ɗantata ya tashi, kuma shi ne kakan mahaifiyar Aliko Ɗangote.

Ku ɗauki safiya ɗaya a unguwarmu. Mai shayi ya zuba sukari. Mu da rake ke fita a fadamunmu har a yi lodinsa zuwa Yamai, sukarin shayinmu wani ta Kwatano yake shigowa, wani ta Kamba, kuma mai sunan Ɗangote mafi yawansa ɗanye ake ɗauko shi daga Brazil a tace a Apapa ta Legas. Manomin shinkafa na Tara yana tambayar farashin takin yuriya, shi ma tun da aka buɗe masana'antar taki ta Lekki a watan Maris na 2022, mai ƙarfin fitar da tan miliyan 3 a shekara, sunan nan ya shiga cikin lissafinsa. Ɗan kabu-kabu da ke kai yara makaranta yana shan mai a kwalba wajen 'yan ruwa-ruwa. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur a Najeriya, kafin mako ya zagayo kuɗin kabu-kabu ya tashi a nan, kuma tun daga lokacin duk abin da ake ja a kai tsakanin matatar Ɗangote da dillalan mai, a rediyo muke bi kamar rikicin gidanmu.

Gishiri shi ya fi taɓa ni, don da shi aka yi mini karatu. Mahaifiyata 'yar kwarin Foga ce. Da rani matan can ke kankare ƙasa mai gishiri, su tace ta da ruwa, su dafa har ruwan ya ƙone, su ɗaure gishirin a cikin kaba. Sana'a ce tsohuwa ƙwarai. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya tarar ana yin ta da ya ratsa kwarin a 1853. Yau farin gishirin masana'anta ya cika kasuwa, ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka, kuma an sa masa sinadarin ayodin da ke kare yara daga maƙoƙo da dakushewar ƙwaƙwalwa. A matsayina na malami ina murna da wannan. A matsayina na ɗan mai dafa gishiri kuwa, na ga yadda kasuwar Inna ta yi ta tsukewa shekara bayan shekara. Babban kamfani haka yake shiga gida: da hannu ɗaya ya miƙo alheri, ɗaya hannun ya ture wata tukunya, sau da yawa ba tare da ya ma san tukunyar tana nan ba.

Sai siminti, wanda a wurinmu malamai magana ce ta rai da mutuwa. Gwamnatinmu da kanta ta ce akwai azuzuwan zana kusan 36,000 a ƙasar nan. A watan Afrilu na 2021 gobara ta tashi a irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara aƙalla 20 suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar aka sake yi a Maraɗi, aƙalla 25. Duk malamin da ya taɓa koyarwa a rumfar zana ya san yadda gabansa ke faɗuwa idan iskar hunturu ta taso kuma wata mai tuya ta hura wuta kusa da makaranta. Farashin buhun siminti shi ke yanke ko kwamitin iyaye zai iya tada aji ɗaya na bulo ko a sake saran kara. A Najeriya kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan dukan kasuwar, Ɗangote da BUA da Lafarge, kuma na Ɗangote shi kaɗai ya fi rabi. A nan gida muna da masana'antar Malbaza. A watan Oktoba na 2018 aka ƙaddamar da aikin wata masana'antar Ɗangote a Keita ta jihar Tawa, muka yi ta murna, amma ni dai ban taɓa ganin buhun Keita a kasuwar Gaya ba.

To, mu koma kan maganar faɗuwa. Gaskiya ne Ɗangote ya faɗi, kuma ba sau ɗaya ba. Ya zuba dukiya a masaƙu, tufafin waje masu araha suka cika kasuwa, masaƙun suka rufe, dubban ma'aikata suka koma gida. Shi da bakinsa ya faɗa a hira cewa babu harkar da ta ƙona shi kamar ta masaƙa, har sai da ya sayar da bankinsa, Liberty Merchant Bank, ya biya ma'aikatan haƙƙoƙinsu. A watan Maris na 2016 ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a Kadawa ta jihar Kano, wadda aka gina don ta riƙa cin tan 1,200 a kullum. Ba a yi nisa ba tsutsar da manoman Kano ke kira sharon ta cinye gonaki, injuna suka tsaya. An sake buɗewa a 2019, ta sake tsayawa don rashin isasshen tumatir. Matatar mai ta Lekki, mai tace ganga 650,000 a rana, tun 2013 aka bayyana shirinta, aka yi ta sa rana ana ɗagawa. Sai 22 ga Mayu 2023 aka yi bikin buɗewa, fetur kuma bai fara fita ba sai Satumban 2024, bayan kuɗin aikin ya kai kusan dalar Amurka biliyan 20, fiye da ninki biyu na abin da aka fara faɗi. Wanda ya jure wannan duka ba rago ba ne, kuma ba na hana yarana su yaba masa.

Amma ku sake karanta labarin masaƙar a hankali. Da ta rushe, yana da banki da zai sayar. An haife shi a Kano a 1957 cikin gidan Ɗantata, gidan da ya fi kowane arziki a Afirka ta Yamma lokacin da Alhassan ya rasu a 1955. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara takwas, wannan rashi ne na gaske, amma kakansa Sanusi Ɗantata ya riƙe shi, ya yi karatu har jami'ar Azhar ta Alƙahira, kuma da rancen kawunsa ya fara kasuwanci a 1977. Da ya shiga yin siminti, tsarin gwamnatin Obasanjo na 2002 ya ba masu gina masana'anta a gida fifiko wajen lasisin shigo da kaya. Ga kuma labarin fulawa. A 2012 ya sayar wa Tiger Brands na Afirka ta Kudu mafi yawan hannun jarin kamfaninsa na fulawa a kan kusan dalar Amurka miliyan 200. Kamfanin ya yi ta asara a hannunsu, a ƙarshen 2015 suka amince su mayar masa a kan dala ɗaya tak, da sharaɗin ya zuba sabon jari. A 2019 ya sake sayar da shi ga Olam. Mai aljihu mai zurfi yana iya jiran kasuwa ta juyo. Hausawa sun gama magana da suka ce da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Mu mutanen iyaka mun ga wannan bambanci da idonmu. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Mai buhu biyu na gero, da mai kwandon albasa, da mai jarkar man ja, duk aka tsaya. A watan Nuwamba na 2020 sai labari ya fito cewa an ba kamfanin simintin Ɗangote izini na musamman ya fitar da kaya zuwa Nijar da Togo, haka ma BUA. A Disamban shekarar aka buɗe wasu iyakoki huɗu, ciki har da Illela da Maigatari, amma tamu ta Kamba sai Afrilun 2022. Ƙofa ɗaya ce, tirela ta wuce, mai jaki ya jira.

Yanzu bari in ba ku labarin faɗuwar mushe, don a auna.

Na fito daga horon malamai na shiga aiki a matsayin ɗan kwantaragi, kamar mafi yawan sa'o'ina. Wanda ya yi wannan rayuwa ya san ta: aikinka ɗaya da na cikakken ma'aikaci, aji ɗaya, yara tamanin ɗaya, amma abin da ake ba ka bai kai nasa ba, kuma yakan makara har mai shago ya daina amsa sallamarka da fara'a. Na haɗa takarduna na neman lambar zama cikakken ma'aikaci na kai wani ofis. Bayan shekara biyu aka ce ba a gan su ba. Na sake haɗawa, na sake biyan kuɗin tambari da hotuna da mota, suka sake ɓata. Waɗanda na koya wa yadda ake rubuta shirin darasi suka samu lamba suka bar ni. Shekara goma sha ɗaya na yi a haka. A cikinsu akwai daren da na zauna na rubuta takardar barin aiki, na ninke ta na sa a cikin littafin kiran suna, ta yi wata uku a can ina buɗewa kullum da safe ina ganinta.

Da lambar ta fito, ni da maiɗakina muka tara abin da ya samu muka buɗe ɗan shago a ƙofar gida: sukari, fulawa, taliya, man girki, sabulu, mafi yawa daga Kamba. A Gaya wannan ita ce sana'ar da kowa ya sani, kuma ta riƙe mu shekara uku, har muka sa babbar 'yarmu a kwaleji ba tare da rance ba. Da aka rufe iyaka kaya suka yanke, wanda ya samu shigowa ta daji kuɗinsa ya fi ƙarfin masu sayenmu, waɗanda muke bi bashi su ma sana'arsu ta tsaya. Kafin azumin 2020 kantocin shagon babu komai sai ƙura. Ba na ɗora wa kowa laifin shagona. Iska ce ta kaɗa, ta tarar da mu a fili.

Damanar wannan shekarar ce kuma aka yi ruwan da ya yi ɓarna a faɗin ƙasa. Gidanmu na laka ne. Cikin dare bangon ɗakin yara ya jiƙe ya zauna, Allah ya sa mun riga mun kwashe su zuwa zaure don rufin yana zuba. Kwana biyu bayan haka ɗaya ɗakin ya bi shi. Aka kai waɗanda ruwa ya raba da gidajensu makaranta, kamar yadda aka saba. Sai ga ni da iyalina muna shimfiɗa tabarma a cikin ajin da nake koyarwa, ƙarƙashin allon da rubutuna na ƙarshen shekara ke kai ba a goge ba. Da safe ɗalibaina na zuwa leƙen mushe yana wanke fuska a bakin aji. Babu bankin da zan sayar. Abin da muka mallaka tunkiya biyu ne da keken ɗinki, kuma tunkiyoyin sun tafi a makon farko.

Abin da ya tada mu ba shi da girma ko ɗaya. Mu goma sha biyu ne malamai muke adashe, kwasata kuma sai wata na tara. Wata madam da ke riƙe da ajin 'yan shekarar farko, wadda kwasarta ce ta gaba, ta same ni a bakin rijiya ta ce, "Mushe, ɗauki tawa, ni ɗakina bai zuba." Da wannan kuɗi na sayi siminti na farko, a lokacin da yake tsada kamar magani. Na so in tara buhunan har su yi yawa, wani tsohon magini na unguwarmu ya ce, "Malam, siminti ba ya jiran albashi. Ka ajiye shi a wannan laima, wata biyu ka tarar da dutse." Ya koya mini in sayi buhu biyu ko uku, a buga bulo nan take, a yi ta ba shi ruwa, a jera. Buhu ɗaya bulo talatin ko ƙasa da haka. Na fara darasin yamma ga yaran da ke shirin jarrabawa, wanda ubansa ke da hali ya biya, wanda ba shi da shi ya kawo yashi a amalanke. Shekara huɗu muka yi kafin mu rufa ɗaki biyu. Wasu buhunan na Ɗangote ne, wasu na Sakkwato, wasu na Malbaza, wasu daga Benin, duk wanda ya fi sauƙi a ranar.

Sana'ar maiɗakina kuwa Inna ce ta gyara ta. Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari, Mushe take ce mini. Ta zo duba mu ta tarar da mu muna lissafin yadda za a sake cika shago, ta saurara har muka gama, sannan ta ce, "Mushe, ƙasar Foga ba ta da ɗan duwan. Giginya ma haka." Maiɗakina ta koma sayar da abin da ƙasarmu ke bayarwa: muruci, rake, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da gishirin Foga ga masu dabbobi da masu son ɗanɗanonsa. Ribar ba ta kai ta sukari ba, amma babu shingen da ke tsakaninta da kayanta.

Amfanin wannan ya fito a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi ranar 30 ga wata, aka rufe gada, manyan motoci suka yi layi a Malanbil har ido bai ganin ƙarshensu. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, gadar kuwa ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangarenmu. Gari ya ji jiki ƙwarai, mu ma mun ji, amma tukunyarmu ba ta sauka ba.

Wannan rufewar ce ta kawo mini matsalar da ta fi ta gidana. Da gada ta rufe, mutane da kaya suka koma haye kogi a kwale-kwale, bakin ruwa ya zama kasuwa, dako ya yi kuɗi. Manyan yaran ajina suka fara ɓacewa. Na bi ɗaya har gida, yaro mai kai, wanda lissafi ba ya ba shi wuya. A gaban ubansa ya ce mini, "Mushe, abin da nake samu a bakin ruwa ya ishe ni jari. Ɗangote ma da ƙaramin ciniki ya fara." Uban ya gyaɗa kai. Na ce, "Alhaji, ranar da aka buɗe gada, ko ranar da kwale-kwale ya kife da kayan, me yaron nan zai sayar ya tashi?" Ya yi shiru. Na gaya musu Ɗangoten da suke faɗi sai da ya gama jami'a, kuma da ya tashi gina matata, matasan da ya tura Indiya koyon aiki injiniyoyi ne masu takarda. Muka yi sulhu: yaron ya zo aji da safe, ya je bakin ruwa ranakun da babu makaranta. Wasu na samu dawo da su haka, wasu sun tafi.

Saboda haka, 'yan'uwana malamai, idan za mu ba yara labarin manyan attajirai, mu ba su shi cikakke. Mu faɗi naci da haƙuri da tashi da asuba, mu kuma faɗi gidan da mutum ya fito, da rancen kawu, da bankin da aka sayar, da izinin da aka bayar. Yaron da aka ba rabin labari, ranar da ya faɗi zai ɗauka shi ne la'ananne. Wanda aka ba cikakke zai san cewa kowa na faɗuwa, sai dai wani a kan katifa, wani a kan tsakuwa, kuma aikin mai hankali shi ne ya fara tanadin abin da zai faɗa a kai tun yana tsaye.

Ni a ajina na mai da wannan darasin lissafi. Buhun siminti kilo 50 ne, buhu 20 tan ɗaya. Nakan ba su farashin Kamba da naira, su juya shi sefa, su ƙara kuɗin mota da na dako, su fitar da riba. Idan sun gama suna murna, sai in ce, to an rufe iyaka wata shida, kaya na hannunka, damana ta shigo, mai bashi na ƙofa. Nawa ya rage? Daga nan sai mu shiga tambayar da ta fi kowace: a cikin abin da gidanku ya mallaka, wanne ne idan ya tafi za a iya mai da shi, wanne ne idan ya tafi ya tafi ke nan? Yara 'yan shekara goma sha biyu suna gane wannan sarai. Da kansu suke cewa gona da karatu ba a sa su a caca.

Ku kuma iyaye, ina roƙonku abu biyu. Na farko, kada a sayar da gonar gado ko a cire yaro daga aji don a haɗa masa jarin fetur ko na dako, komai daɗin kasuwar yau. A cikin shekara biyar an rufe mana iyaka sau biyu, kuma ba a shawarce mu ba ko sau ɗaya. Karatu da sana'ar hannu su ne kayan da ɗan duwan ba ya tsarewa, ruwa kuma ba ya rusawa. Takardar makarantar horon malamai ba ta sa na yi arziki ba, amma ita ce ta sa da gidana ya zube ina da abin da zan sayar da yamma, wato abin da ke kaina. Na biyu, idan ɗanku ya faɗi jarrabawa ko ya maimaita aji, kada a yi masa gori da sunan attajirai. Ku zama masa abin da Sanusi Ɗantata ya zama wa jikansa, gwargwadon ƙarfinku, ko da kuɗin fitila ne da kwanon tuwo da kalma mai daɗi. Katifar talaka mutanensa ne: adashe, zumunci, maƙwabcin da zai ba da amalanke, abokiyar aikin da za ta ba da kwasarta. Wanda ya yanke waɗannan don yana sauri ya zama Ɗangote, ya cire wa kansa ita.

Kuma mu koya wa yara su riƙa tambaya. Me ya sa rake ke fita a Gaya amma sukari daga Brazil yake zuwa? Wa ke sa farashin siminti, kuma me ya sa da gwamnatinmu ta sa hannu a Oktoban 2024, bayan ambaliyar shekarar, aka iya rage shi? Me zai hana a sa wa gishirin Foga ayodin a ɗaure shi da kyau ya shiga shaguna? Babban kamfani ba dodo ba ne, ba kuma waliyyi ba ne. Ɗan kasuwa ne mai neman riba, kuma al'ummar da ta iya lissafi ita ke iya zama da shi ba a cuce ta ba. Wataƙila a cikin yaran da ke zaune a kan tabarma yau akwai wanda zai amsa ɗaya daga cikin tambayoyin nan da aiki.

A makarantarmu har yanzu aji biyu na zana ne. Bana kwamitin iyaye ya karɓi dabarar tsohon magini: duk wata a sayi abin da ya samu, buhu biyu ko uku, a buga bulo ranar Asabar, manyan yara su yi ta ba shi ruwa. An jera su a bayan ofishin darakta, yaran kuma su ke ƙirgawa su rubuta a allo duk ranar Litinin. Idan Allah ya kai mu, muna fatan 'yan shekarar farko su shiga ɗakin da wuta ba ta ci kafin hunturu biyu. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ke da buhu ɗaya da zai iya bayarwa, ko na wane kamfani ne, makarantar unguwarsa na jiransa. Allah ya raya mana su, ya ba su abin dogaro.